Takunkumin da Suwailim Ya Sa Aka Liƙe

Duk garin Umm Sidra babu wanda bai yi dariya ba ranar da ƙungiyar masu yawo da baƙi ta damƙa wa Suwailim na'urar auna ƙara. Mutumin da igwa ta kashe wa kunnen hagu tun yana soja, wai shi ne zai tsaya a ƙofar filin yashi yana gaya wa mutane baburansu sun cika ihu. Amma shi ya nemi aikin da ƙafarsa, sai da ya ishi kowa a ofis. Shekara biyu kafin nan wasu masu babur mai ƙafa huɗu sun biyo ta bayan garkensa da salansa a buɗe, taguwar da matarsa Falha take kai ta zabura ta yar da ita a kan dutse. Taguwar ta yi ɓari, Falha kuwa har yau da sanda take isa bakin murhu. Tun daga ranar Suwailim ya tsani ƙarar nan, irin tsanar da ake yi wa mutum mai suna da uba.

Dokar ba ta da wuya. A tsayar da babur, a riƙe na'ura kamu ɗaya daga bakin salansa, a ɗan karkace, mai babur ya danna totur rabi. In lamba ta haura casa'in da shida, sai gida. Sati ɗaya bai cika ba samarinmu suka samo mata magani: wani guntun bututu mai huji-huji da ake cusawa a bakin salansa, a ɗaure da noti ɗaya. Suka sa masa suna takunkumi. Da takunkumi suke zuwa ƙofa, salihai kamar za su masallaci, da sun ɓuya a bayan tudun farko sai su kwance shi su jefa aljihu. Suwailim yana tsaye da na'urarsa yana jin rurinsu da kunnensa guda, takaici kamar ya kashe shi.

Yawancin baburan na Hazza ne da ƙaninsa Rakan, kuma dangin nan nasu in suka taru ɗaurin aure sai an kayar da raƙumi biyu. Irin waɗannan ba a kama su da hannu ɗaya. Mutlaƙ kuwa babur ɗaya gare shi, tsoho, da rumfar kwano a bayan gari, kuma danginsa kaf ba su cika bayan mota ba. Don haka ran Talatar nan da hantsi, da haushin ya kai wa Suwailim wuya, a kan Mutlaƙ ya sauke shi.

"Abu Za'al! An tashi lafiya?" in ji Mutlaƙ, ya kira Suwailim da alkunyarsa yana taka birki. "Ya kunnen, shi ma ya tashi ko yana barci?"

"Ya tashi, kuma jiya ya ji ka a bayan tudu. Sauko."

"Ni? Haba baffa, mun fi goma a bayan tudun nan."

"Naka yana tari a ƙarshe kamar tsohon jaki, na san shi. Wannan 'yar sifanar da ke rataye a wuyanka ta mece ce?"

"Ta sosa baya ce."

"To daga yau ka nemi kara." Suwailim ya juya ya ƙwala wa Furaij kira, mai waldar da ke gefen ƙofa. "Zo ka liƙe min takunkumin nan. Ka cusa masa audugar gilas kafin ka rufe, ka cusa da kyau."

Dariyar Mutlaƙ ta ɗauke. Ya sauko ya riƙe hannun rigar tsohon.

"Baffa, tsaya don Allah. Ka san Wuƙa."

Wa bai san Wuƙa ba? Ita ce tudun yashi mafi tsayi a filin, mai kaifin baki, wadda na wannan gefe ba ya ganin na wancan sai ya faɗo masa a ka. Tun kafin a haifi wata ƙungiya masu babur suna da ƙa'idarsu a kanta: kafin ka hau, ka danna totur sau uku, sannan ka saurara. In da mutum a ƙasa ta can, ya amsa maka ko ya kauce. In ka ji shiru, hanya taka ce.

"Da me zan yi kira in ka liƙe min baki?" in ji Mutlaƙ.

"Ka yi da naka bakin. Ai ba ya rufuwa."

"Baffa, wallahi ba wasa nake ba."

"Ni ma. Ko walda, ko gida."

Mutlaƙ ya dubi baƙi biyu da ke jiransa a inuwa, ya dubi babur, ya saki hannun rigar. Furaij ya yi aikinsa. Da aka sake aunawa lamba ta tsaya a tamanin da ɗaya, Suwailim ya ji wani sanyi a ransa wanda ya daɗe bai ji ba.

Ana cikin haka Rakan ya iso, yana jagorantar baƙi huɗu. Ya saurari babur ɗin Mutlaƙ, ya kece da dariya.

"Kai Mutlaƙ, ka koma ɗinki ne? In ka gama ka zo ka karɓi wandona, ya yage."

Mutlaƙ ya galla masa harara. Satin da ya wuce Rakan ya share shi da mari a wajen mai shayi a kan rabon baƙi, shi kuma ya rantse a gaban mutane sai ya rama. Kowa ya ji rantsuwar. Suwailim ya auna na Rakan, casa'in da biyar. Ga sifana nan tana leƙowa daga aljihun Rakan, ko ɓoye ta bai damu ya yi ba. Tsohon ya gan ta sarai, ya kau da kai, ya ɗaga masa igiyar ƙofa.

Da azahar Suwailim yana tantinsa na gashin akuya, can nesa da gari inda yake kiwon raƙumansa, yana tsoma gurasa a man zaitun, sai Falha ta nuna yamma da sandarta.

"Abu Za'al, wancan hayaƙin ba na shara ba ne."

Bai kai ga amsa mata ba ya ga babur a jikin igiyar tanti. Ko kaɗan bai ji zuwansa ba, raƙuman ma ba su ɗaga kai ba. Mutlaƙ ya zubo daga kai, ya taso da rarrafe. An fasa masa goshi, jini ya rufe masa ido ɗaya, hannunsa na hagu yana reto ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Ya cafki gefen rawanin Suwailim da hannu ɗaya da haƙora, ya ƙulla shi.

"Na faɗo gidanka, Abu Za'al. Jinina yana wuyanka."

Suwailim ya dubi ƙullin, gurasar ta faɗi daga hannunsa. A wajenmu wanda ya ƙulla maka rawani ya gama da kai. Ko wa ya kashe, ba ka miƙa shi, in kuwa ka miƙa, har jikokinka ba mai sake shan gahawarsu.

"Wa ka kashe?"

"Rakan." Ya goge jinin da ke idonsa. "Baburinsa ya kafe a ƙasan bakin Wuƙa ta can. Ya kashe inji, ya durƙusa yana tone yashi da hannu. Na yi kira, baffa. Sau uku na yi, na saurara, shiru. Na hau da gudu, ina sama na gan shi. A bayansa na sauka. Na ji ƙarar ƙashin a ƙafata."

"Inna lillahi," in ji Falha, ta dafe kai.

"Na juya shi, bakinsa cike da yashi. 'Yan'uwansa suka iso ina kansa, ba wanda ya tambaye ni komai, sai ƙarfen taya. Allah ne ya sa na kai ga babur. Na bi ta kwazazzabo, suka rasa inda na yi, don ba su jin ƙarata. Wancan hayaƙin rumfata ce."

Suwailim ya san abin da ke tafe. Kwana uku da sulusi ne na tafasar jini, kwanakin da ba a tuhumar dangin mamaci a kan abin da suka yi wa mai kisa da dukiyarsa. Falha ta riga ta zaro waya tana kiran 'yan sanda, amma ofishinsu tafiyar awa biyu ce, sawun taya kuwa a kan yashi ko makaho ya bi shi. Kuma ya san wani abin da ya fi wannan nauyi. Yaron nan ya riƙe masa hannun riga da safe, ya gaya masa, shi kuma ya ce ya yi kira da bakinsa. Kunya ta kama shi.

Ya ja Mutlaƙ zuwa ɓangaren mata, ya tura shi bayan tarin barguna. Sannan ya hau babur ɗin, wanda jinin Rakan bai gama bushewa a ƙarfen gabansa ba, ya kai shi bayan ɗan tudun da ke gabas da garke, taki ɗari da wani abu, ya bar shi a kunne. Ya dawo yana haki.

"Ummu Za'al, tashi ki je can. Akwai wani ɗan harshe a ƙarƙashin mariƙin dama. In kin hango na cire rawani, ki danna shi har ƙarshe, sau uku. Duk dannawa ki ɗaga mayafinki a kan sanda."

"Ni? Ni zan taɓa shaiɗanin da ya karya ni?"

"Ke."

"Ka haukace, tsohon nan."

"Na haukace tun da safe. Je ki."

Ta harare shi, ta dubi labulen da Mutlaƙ ke nishi a bayansa, ta ɗauki sandarta ta kama hanya tana ɗingishi tana mita.

Da ƙyar ta ɓace a bayan tudun ƙarar ta iso. Babura tara, ba mai takunkumi ko ɗaya. Ba su tsaya ba, sai suka shiga zagaya tantin, taya tana watsa yashi a cikin tukwane, suna tsinke igiyoyi, har ɓangare guda ya rufta. Suwailim ya fito ya tsaya a ƙofa. Bindigarsa tana rataye a jikin ginshiƙi, ya bar ta a can. Na'urar ce a hannunsa, a kunne, don hannun ya saba.

Raƙuman suka haukace. Duk a dabaibaye suke, suna tsalle da ƙafa uku suna karo da juna. Shaƙra, taguwarsa mai shayarwa, wadda ya fi so a garken, ta yunƙura za ta tare ɗanta, wani babur ya gifta ta gabanta, ta juya a kan ƙafar da ke ɗaure. Suwailim ya ga ƙashin ya huda fata ya fito fari. Ta zube tana kururuwa, ɗan yana zagaya ta. Ya so ya ruga wajenta, amma in ya bar ƙofar nan an shiga, don haka ya tsaya yana kallo, hawaye na bin gemunsa.

Wata farar a-kori-kura ta iso da gudu ta tsaya a tsakiyarsu. Nayif ne ya fito, baffan Hazza kuma babban gidansu, yana ɗaga sanda yana yi musu tsawa har suka kashe injuna ɗaya bayan ɗaya. Hazza ya sauko ƙarshe. Gaban rigarsa duk jinin ƙaninsa ne, don shi ya ɗauko gawar, kuma ga ƙaramar bindiga a hannunsa.

"Fito min da shi, kurma."

"Allah ya jiƙan Rakan, ya ba ku haƙuri," in ji Suwailim. Ya ɗaga gefen rawaninsa ya nuna ƙullin. "Nayif, ka gani?"

"Na gani," in ji Nayif, ransa a ɓace.

"Ni ban ga komai ba," in ji Hazza. "Kare ya rantse sai ya rama, ya rama. Ya hau Wuƙa bai yi kira ba. Baƙi huɗu suna tsaye a gefe, ba wanda ya ji komai. Matsa, ko in bi ta kanka."

"Ya yi kira."

"Kai ka ji? Da wane kunnen?"

Wasu suka yi dariyar mugunta. Suwailim ya juya ga Nayif.

"Nayif, ina roƙon abu ɗaya, ba zai kai shan gahawa finjali guda ba. Kowa ya yi shiru, ya dubi kan tudun can, ya kasa kunne. Bayan nan ku yi abin da za ku yi."

Nayif ya ɗaga hannu, aka yi tsit, in ban da nishin Shaƙra. Suwailim ya cire rawaninsa. A saman ɗan tudun baƙin mayafi ya ɗago a kan sanda, ya sauka. Ya sake ɗagowa, ya sauka. Ya ɗago na uku. Iska ce kawai ke kaɗa yagaggen tantin.

"Me kuka ji?" in ji Suwailim.

"Me za mu ji? Matarka tana shanya?" in ji ɗaya daga cikinsu.

"Je ka duba abin da take shanyawa."

Saurayin ya ruga ya hau tudun. Ya tsaya a sama, ya daɗe, sannan ya juyo ya kewaye baki da hannu.

"Babur ɗin Mutlaƙ ne! A kunne yake! Tsohuwar tana danna shi har ƙarshe!"

"Wannan ɗan tudu ne," in ji Suwailim. "Wuƙa ta ninka shi goma. Ga kunnuwanku kuma, tun safe kuke dukansu da rurin baburanku, ƙaninka ma haka. Ya yi kira, Hazza. Ba a ji ba ne."

Ya duba fuskar Hazza yana neman sauƙi, bai samu ba. Idon mutumin ya kaɗa jajir, bindigar tana nan inda take. An nuna masa ba ganganci ba ne, to sai me? Ƙaninsa yana kwance a bayan mota da karyayyen baya, kuma jinin da ya taso sai ya sami inda zai zuba. Yau ko gobe, a hanyar kotu ko a ƙofar asibiti, sai sun sami Mutlaƙ. Taguwar da suka karya kuwa ba za ta fanshi ran Mutlaƙ ba, wata taguwar za su kawo a rufe magana.

Abu ɗaya ne ya fi wannan tsada a wajenmu. Wanda ya ɗora hannu a kan mai gida a tsakanin igiyoyin tantinsa, alhali yana kare wanda ya faɗo masa, ya ɓata wa danginsa suna gaba ɗaya, kuma ba su wankuwa sai sun ba mai gidan duk abin da bakinsa ya faɗa. Suwailim ya san wannan. Nayif ma ya sani. Hazza ne kaɗai yau ba ya cikin hankalin da zai tuna. Tsohon tsoro yake ji ƙwarai, ba kuma ya son ciwo fiye da kowa. Ya ja da baya taki ɗaya, ya tabbatar ƙafarsa tana cikin igiya.

"Ba ka tambayi wanda ya liƙe masa baki ba."

Hazza ya ɗago.

"Ni ne. Ka tambayi Furaij. Yaron ya roƙe ni, ya ambaci Wuƙa da sunanta, na ce ko walda ko gida. Har auduga na sa aka ƙara. Na ga sifanar Rakan a aljihunsa na ƙyale shi don tsoron yawanku, na kama marar kowa. In kana neman wanda ya kashe ƙaninka, ga shi a gabanka."

"Abu Za'al, ya isa," in ji Nayif.

"Bai isa ba. Kun karya min mata, ko sannu ba ku zo kun ce ba. Yau na karya muku ƙani." Maganar ta yi masa ɗaci a baki, amma ya ƙarasa ta. "Kun iya zagaya tsoho da raƙuma a ɗaure. In ka haifu cikin uwarka, Hazza, taɓa ni."

"Hazza, kada!" Nayif ya yi kukan kura. "Tarko ne, ɗan banza! Yana cikin igiya!"

Ina. Gindin bindigar ya sauka a bakin Suwailim, haƙora biyu suka tafi. Ya faɗi, takalmi ya same shi a haƙarƙari, wani ya same shi a ciki. Samari biyu suka rungume Nayif suna ce masa baffa yi haƙuri, yana dukansu da sanda. Hazza ya damƙi gemun tsohon ya ja shi a ƙasa har bayan baburinsa.

"Shiru kake so, ko? Shekara biyu kana damunmu da shiru. Yau zan ba ka shi. Wanne ne mai jin? Wannan? Ku riƙe min shi!"

Gwiwa ta danne masa wuya, wata ta danne baya. Aka murɗa kansa, aka manna kunnensa na dama a bakin salansa. Ƙarfen da zafinsa, ya ji ƙaurin fatarsa da gashinsa kafin ya ji ciwon. Na'urar ta faɗi a kan yashi dab da fuskarsa, tana kallonsa. Hazza ya tayar da inji.

Ba ƙara ba ce ya ji, duka ne, kamar ana buga masa ƙusa daga kunne zuwa ido. Ya ga lamba ta haura ɗari da goma, ta haura ɗari da ashirin, sannan ta fara ƙiftawa don abin ya fi ƙarfinta. Ya san yana ihu don maƙogwaronsa yana yagewa. Hazza ya danna sau ɗaya, ya saki. Ya danna na biyu. A na uku ya riƙe har ƙarshe, ya kashe makulli ya sake kunnawa, salansar ta yi harbi. Wani abu ya fashe a cikin kan Suwailim, ɗumi ya gangaro masa a wuya.

Da suka sake shi ya mirgina ya kalli sama. Ga Nayif ya ƙwace yana zabga wa Hazza sanda a fuska, bakinsa yana buɗewa yana rufewa. Ga samari suna ja da baya, ba mai kallon ɗan'uwansa. Ga Falha tana tahowa a kan yashi, ta yar da sandar, tana faɗuwa tana tashi. Babur ɗin yana nan a kunne, yana ganin hayaƙi na fita, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin kafaɗarsa. Babu ko ɗaya da ya ji a cikin wannan duka.

'Yan sanda sun iso da la'asar, suka tafi da Mutlaƙ a tsakiyarsu, da Hazza a wata motar. Nayif da kansa ya yanka Shaƙra kafin ta mutu a banza. Likita a birni ya leƙa kunnen, ya rubuta wa Falha abin da ya gani a takarda, ita kuma ta ninke takardar ta cusa a ƙirji ba ta nuna wa mijin ba. Bai tambaya ba.

Ran kwana na biyar Nayif ya zo da dattawa ashirin, da Hazza da aka bayar da shi beli, kansa ba rawani. Suka zauna a tantin da aka sake kafawa. Aka zuba wa Nayif gahawa, ya ajiye finjalin a ƙasa bai sha ba, sauran ma suka ajiye, don mai neman alfarma ba ya sha sai an biya masa bukata. Nayif ya yi dogon jawabi. Suwailim yana zaune da ƙyalle naɗe a kai yana kallon gemun mutumin yana motsi. Da jawabin ya ƙare, Nayif ya tuna tsohon ba ya ji, kunya ta kama shi, sai kawai ya buɗe tafukansa biyu ya miƙo su: faɗi abin da kake so.

"Mutlaƙ," in ji Suwailim.

Ya ga mutane sun zabura, ya gane da ƙarfi ya faɗa, don ba ya jin muryarsa. Bai rage ba.

"Jinin Mutlaƙ nake so ku bar min. Abin da kotu ta yanke masa ya ɗauka, ya bar garin nan in kun ga dama. Amma ba mai bin sa, shi da 'ya'yansa, har abada. Ba na son raƙumi, ba na son komai. Shi ke nan."

Nayif ya juya ya dubi Hazza. Hazza ya dubi dattawan. Sannan ya sunkuyar da kai alamar ya yarda. Nayif ya ɗauki finjalin ya shanye, dattawa suka ɗauki nasu.

Da suka watse Suwailim ya fita wajen garke. Falha ta biyo shi da kwanon madara, idanunta sun kumbura. Ta nuna ɗan Shaƙra, ta nuna kunnenta, ta ɗaga yatsu biyar, ta kwantar da kumatu a tafin hannu ta girgiza kai. Ya gane. Kwana biyar ke nan marayan yana kukan uwarsa, ya hana kowa runtsawa, har maƙwabta na nesa. Shi kaɗai ne yake barcinsa lafiya.

Can gefen Wuƙa ƙura ta tashi, babura ne a jere, da takunkumi ko babu, shi dai bai sani ba. Ya karɓi kwanon ya durƙusa a gaban ɗan raƙumin. Dabbar ta miƙa wuya, ta wage baki, haƙarƙarinta yana shiga yana fita. Shekara sittin yana gane kukan yunwa da na ciwo da na kewa tun daga cikin tanti, ba sai ya leƙo ba. Ya ajiye kwanon, ya ɗora tafin hannunsa a maƙogwaron ɗan raƙumin, ya bar shi a nan yana jin rawar kukan a yatsunsa.